Wa Zai Rubuta Mana Takardar Koke Gobe?

Yau ba da sanyin rai na ɗauki alƙalami ba, saboda haka duk wanda ya karanta wannan rubutu ya tsargu, to da shi nake, kuma ni ma ban cire kaina ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tunzura ni shi ne wani abu da ya faru a shagona kwanakin baya. Ɗan yayana, wanda yake shekararsa ta farko a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan, ya zo mini da yamma yana neman Naira 2,000, wai kuɗin jinga. Na ce masa jingar me ake biya wa kuɗi, alhali a saninmu jinga aikin gida ce da malami ke bai wa ɗalibi? Sai ya zaro wasu takardu biyu da aka buga da kwamfuta, ya miƙo mini. Insha'in Turanci ne, na kwas ɗin nan da ake tilasta wa kowane sabon ɗalibi. Kan maganar da malaminsu ya ba su shi ne dalilan tsadar abinci a Nijeriya. Na karanta daga farko har ƙarshe. Turanci sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya, kai ka ce a Landan aka haifi mai shi. Na ɗago kai na dube shi, yaron da na san ko saƙon waya ya rubuta da Turanci sai an yi masa tafinta.

Na ce, "To madalla. Fassara mini sakin layi na biyu da Hausa in ji."

Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Can sai ya ce, "Baffa, ai kowa haka yake yi. Akwai wani yaro a shagon kwamfuta, kai dai ka ba shi taken, ya sa a ChatGPT, ya buga maka da sunanka da lambarka. Kuɗinsa ne zan kai masa."

Mai karatu, ba satar ce ta fi ƙona mini rai ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk ajinsu da wuya a sami wanda ya fi yaron nan sanin dalilin tsadar abinci. A 2024, lokacin da ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, shi ne yake bin motar kayan mahaifinsa. Ya kwana a bakin ruwan nan ba sau ɗaya ba. Da hannunsa ya biya 'yan dako suka sauke buhuna, ya biya masu jirgi suka tsallakar, ya sake biyan wasu suka loda a wata motar. Ya san nawa kowane buhu ya ƙaru kafin ya iso babbar kasuwar Jalingo. Ya san yadda kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, domin shi yake riƙe littafin lissafi. Amma ko kalma ɗaya daga cikin wannan ilimi ba ta shiga takardar ba. Takardar sai zancen sauyin yanayi da matsalar tsaro da manufofin gwamnati take yi, irin maganar da za ka iya ɗauka ka liƙa wa Kenya ko Bangaladash ta zauna daram. Wato yaro ya ajiye zinarensa a gida, ya je ya sayo gwangwani a kan Naira 2,000.

Bari in ɗan yi bayanin kwas ɗin saboda iyayenmu da ba su bi ta nan ba. A jami'a ana ce masa GST 111, a kwalejin kimiyya da fasaha GNS 101, a kwalejin horar da malamai kuma GSE 111. Ko likitanci yaro zai karanta, ko aikin gona, ko lissafin kuɗi, sai ya bi ta wannan ƙofa. Saboda haka duk ɗanmu da ya shiga Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a nan Jalingo a 2008, ko Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka buɗe a 2011, ko Kwalejin Ilimi ta Zing, zai haɗu da shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sake fasalin manhaja a 2022, ta zubar da abubuwa da dama, amma wannan kwas ta bar shi a inda yake. Asalin al'adar kuwa daga Amurka ta zo. Jami'ar Harbad ce ta mai da koyon rubutu wajibi ga 'yan shekarar farko tun 1885, bayan ta gano 'ya'yan manyan ƙasar da take ɗauka ba su iya haɗa shafi guda mai ma'ana ba. Ga su kuwa Turanci harshen uwa ne. Jami'ar Nsukka ce ta shigo da tsarin darussan gama-gari ƙasar nan a farkon shekarun 1960, sauran suka bi sahu.

Ku lura da wannan batu na Harbad da kyau, domin a nan ne mutanenmu suke yin babban kuskure. Mun ɗauka kwas ɗin na koyon Turanci ne kawai, wato nahawu da manyan kalmomi. A'a. Wanda aka haifa da Turanci a baki ma sai an koya masa rubutu, kamar yadda ba duk Bahaushe ne zai iya tsayawa gaban alƙali ya kare kansa ba. Abin da ake so yaro ya koya shi ne ya tsai da magana guda, ya san me yake son ya ce kafin ya fara cewa. Sannan ya kawo hujja, ya jera ta yadda ta baya za ta hau kan ta gaba. Sannan ya hango abin da abokin jayayya zai ce, ya tare shi tun bai buɗe baki ba. Kuma ya san inda zai tsaya.

Yanzu don Allah wanne ne baƙo a wurinmu a cikin waɗannan? Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana sasanta rikicin iyakar gona ko na gado, ya ga dattijo yana yin wannan aiki da baki. Zai fara da cewa ga abin da ya kawo mu. Ya ce wane yana nan a ranar, wane ma shaida ne. Ya ce na san za ku ce kaza, to amma ku tuna kaza. Ya rufe da abin da yake roƙo a yi. Wallahi insha'i ke nan, babu ragi babu ƙari. Dillalin shanu a kasuwar Iware yana yin sa sau goma a rana. A rubuce ma ba yau muka fara ba. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suka yi ta aika wa juna a farkon ƙarni na 19 muhawara ce zalla, hujja na bin hujja, kowa na warware ta ɗan uwansa, kuma har gobe masana na nazarin su. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da ya je Ingila a 1943 ya gana da Lugga, bai tsaya ga hira ba, zama ya yi ya rubuta masa matsalolin Arewa dalla-dalla da Turanci. Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1950 ya tsaya a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a gyara mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramar kasada ba ce. Malamin makaranta ne da ya iya shirya magana. To jikokin waɗannan mutane ne yau suke layi a shagon kwamfuta.

Na san wani zai ce, Malam, kai ma ka cika neman magana, kwas ɗin da makinsa bai taka kara ya karya ba shi ne za ka tara mu a kansa? To saurara ka ji dalilin da ya sa mu, mu musamman, bai kamata mu yi wasa da shi ba.

Mahaifina ya zo garin nan tun ana Jihar Gongola, kafin a yanke Taraba a watan Agustan 1991. A nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne iyayena. Amma ni da kai mun san ranar da aka zo rabon gurbin karatu ko ɗaukar aiki, tambayar farko ita ce ina takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarka. Wannan ba matsalar Taraba kaɗai ba ce, Bajukune ko Bamumuye da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma haka yake sha, kuma ya kamata mu riƙa tuna hakan kafin mu ɗaga murya. Tsarin mulkin 1999 da kansa ne ya zo da baki biyu: sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito, sashe na 147 kuma ya yi maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa minista. A tsakanin waɗannan biyun muke rayuwa. To mutumin da yake zaune a irin wannan matsayi, ba shi da kawu a ma'aikata, ba shi da ɗan ƙauyensu a kan kujera, me ya rage masa in an taɓa haƙƙinsa? Takarda. Takardar da aka rubuta da kyau, aka sa kwanan wata, aka kai ofis aka buga mata hatimin karɓa, aka riƙe kwafi. Ihu a majalisar shayi iska ke kwashe shi. Takarda kuwa tana shiga fayil, kuma fayil ya fi mai kujera daɗewa a ofis.

Ba da ka nake wannan magana ba. Shekarun baya an taɓa tashin wasu 'yan layinmu daga rumfunansu da alkawarin za a ba su wasu, aka wayi gari sunayen da yawansu babu a jerin. Muka taru a gidan wani dattijonmu, mun fi mutum talatin, cikinmu akwai masu difloma, akwai masu digiri har biyu ko uku. Aka yi awa biyu ana kumfar baki, kowa na da gaskiya, kowa na da rasit a aljihu. Da aka ce to wa zai rubuta, sai ɗaki ya yi tsit. Wanda aka matsa wa ya kawo shafi uku washegari: shafin farko kirari ne ga mai ofis, na biyu tarihin zuwan kakanninmu, na uku Allah-ya-isa cikin ladabi. Babu adadin rumfuna, babu lambar rasit, babu ranar da aka yi alkawari, kuma har ka gama ba za ka san me muke so a yi mana ba. Ƙarshenta kuɗi muka haɗa muka kai wa wani lauya, ya rubuta rabin shafi. Rabin shafin nan ne ya sa aka kira mu. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, domin ni ma ina cikin masu takardar makarantar da suka sunkuyar da kai.

Akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar ya nemi bayani a hukumar gwamnati, kuma ta ce a amsa masa cikin kwana 7. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa gwada ta? Makami ne a ajiye, amma sai mai iya rubutu yake iya ɗaukarsa.

Maƙwabtanmu sun daɗe da gane wannan. Tun farkon ƙarni na 20 'yan mishan suka zauna a Ibi da Wukari da Donga, makarantu suka biyo baya. Lokacin da Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don jin koken ƙananan ƙabilu, a rubuce mutane suka kai bukatunsu. Neman sababbin jihohi da ƙananan hukumomi da masarautu duk da takarda aka yi ta yin sa. Ban faɗi haka don hassada ba, sai don in ce sun yi abin da ya dace, mu muka tsaya kallo. Kuma ga wani abin da ba mu son ji: yaɗuwar Hausa a garin nan ta zame mana gata, ta kuma zame mana tarko. Yaron Mumuye ko Kona ko Wurkun yana tashi da harshen gidansu, ya ƙara da Hausa a kasuwa, wani ma da Fulatanci, ga Turanci a makaranta. Namu yaron kuwa daga Sabon Gari har Mayo Gwoi har Nukkai duk inda ya shiga da Hausa za a amsa masa, saboda haka bai taɓa jin wata matsuwa ta koyon harshen kowa ba. Sai ranar da ya zauna gaban farar takarda.

Sai masu cewa ai Turanci ba shi ne ilimi ba, ga Sin ga Japan sun ci gaba da harshensu. Gaskiya ne, kuma ni ma da Hausa nake rubuta wannan. Ina cikin waɗanda suka yi murna a 2022 da gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ina kuma cikin waɗanda suka ji takaici a watan Nuwamban 2025 da aka soke tsarin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su zama koma-baya ba ko a Turancin kansa. To amma ku gaya mini, masu wannan magana, 'ya'yanku sun iya rubuta shafi guda mai tsari da Hausar? In sun iya, na janye rabin maganata, domin wanda ya iya shirya tunani da Hausa rabin aikinsa ya ƙare, saura ya canza masa riga. Abin da nake gani shi ne ba Hausar ba Turancin. Kishin harshe ya zama mana inuwar fakewa daga aiki. Kafin ranar da babbar kotu da ma'aikatar filaye za su fara karɓar takarda da Hausa, wa zai riƙa rubuta mana?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɗora wa yara laifin duka ba. Yaron nan ya fito daga sakandaren da aka koya masa haddace wasiƙa guda da labari guda don jarrabawar WAEC, inda ake neman kalmomi wajen 450, in ma ba a rubuta masa a allo ba. Ya wuce JAMB, wadda canki-canka ce a kwamfuta daga farko har ƙarshe, ba a neman ya haɗa jimla ko ɗaya. Ya iso babbar makaranta, a cewarsa sun kai su 600 a zaure guda, na baya ba ya ko jin muryar malami. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. In malami zai ba kowace takarda minti 10 kacal, ya karanta ya ja jan biro, takarda 600 awa 100 ke nan. Wato ya yi mako biyu da rabi yana aikin awa takwas a kowace ranar aiki ba ya komai sai jinga guda. Ƙungiyar malaman koyar da rubutu ta Amurka ta ba da shawarar kada ajin rubutu ya wuce ɗalibi 20. Saboda haka malami ya san ba zai karanta ba, ɗalibi ya san ba za a karanta ba, mai shagon kwamfuta ya san su biyun sun sani. Kowa ya riƙe wa kowa asiri, a ƙarshen zango a raba maki. Na tambayi yaron ko an taɓa dawo masa da takardarsa da gyara a jiki, ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa zuwa wata.

Amma fa wannan uzuri na hukuma ne, ba namu ba. In asibiti ba magani, ba ka zama ka ce to shi ke nan ɗana ya mutu. Mu da muke haɗa miliyoyi a bikin aure, mu da kowace ƙungiyar 'yan kasuwarmu take da asusu, mun kasa ɗaukar malamin Turanci guda da ya yi ritaya, mu ba shi aji ɗaya a wata firamare ranar Asabar, da yara 20 da jan biro? Uba zai tambayi ɗansa cinikin yau har kwabo, amma bai taɓa cewa kawo in ga abin da ka rubuta ba. In ka ce ba ka jin Turanci, to ce masa ya fassara maka, kamar yadda na yi. A minti biyu za ka san ko nasa ne.

Game da ChatGPT kuwa, ban ce shaiɗan ba ne, ni ma ina amfani da shi wajen duba kuskuren rubutu. Amma bai kwana a Namnai ba. Bai san lambar rasit ɗinka ba, bai san wa ya yi maka alkawari ranar wace Talata ba. Zai ba ka shara-sharan magana mai daɗin ji, kuma irin wannan takarda ce mai ofis ya fi so, domin ba ta kama shi a ko'ina. Wanda bai iya rubutu ba ko abin da na'urar ta ba shi ba zai iya tantancewa ba.

Ban ba yaron Naira 2,000 ba. Na yaga takardun a gabansa, abin da daga baya na ga kamar na yi zafi da yawa, na ba shi littafin 'yan makaranta na ce zauna nan kan benci. Na ce kafin ka rubuta komai, gaya mini da Hausa, a jimla ɗaya, me ya sa abinci ya yi tsada. Ya yi ta kewaye-kewaye, ina ce masa ban ji ba. A karo na biyar ya ce, "Baffa, kafin buhu ya zo kasuwa, kuɗin hanya ya kusa cinye shi." Na ce to rubuta wannan da Turancinka, duk yadda ya zo, sauran takardar kuma aikinta kawai ta tabbatar da shi.

Na farkon da ya kawo bayan kwana biyu abin dariya ne abin kuka. Jimla guda ta yi layi tara ba aya. Ya fara da gada, ya tsallaka fetur, ya dawo gada, ya faɗa labarin wani direba da suka yi faɗa. Na sa shi ya karanta da ƙarfi, shi da kansa ya riƙa tsayawa yana cewa a'a, nan ba haka nake nufi ba. Muka cire direban, duk da ya so labarin. Na ce masa wani zai ce ai ko a inda gada ba ta karye ba abinci ya yi tsada, me za ka ce masa? Ya tafi ya kwana da wannan, ya dawo da sabon sakin layi a kan fetur da kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya. Na uku ya fito shafi ɗaya da rabi, da hannu, har yanzu da kurakuran nahawu kamar guda goma sha, amma kowane layi ka tambaye shi zai gaya maka inda ya samo shi.

Shi ya kai. Ya ce mini da ya miƙa, wakilin ajinsu ya juya takardar ya ce ina ta kwamfutar, ya ce masa babu. Har yau ba a dawo musu da sakamako ba, kuma ba na zaton wani zai karanta ta. Na sa an yi mini fotokwafi na ajiye a durowar shago. Asabar mai zuwa bayan la'asar zai zo da abokansa biyu, na kuma yi magana da wani tsohon malaminmu na sakandare ya ce zai leƙo in an biya masa kuɗin Keke. Bencin shagona yana ɗaukar mutum shida, duk mai yaro a shekarar farko ya san inda nake.